Ƙarar Bel ko ta Giya a Tsohuwar Mota: Wane Gyara Ya Cancanci Kuɗinka?

Mai tsohuwar mota a Birnin Kebbi da ya wayi gari da wata baƙuwar ƙara a ƙarƙashin bonet, idan ya zagaya gareji uku zai iya komawa gida da shawara uku. Wani bakanike zai ce fambel ne, wato bel ɗin robar da ke juyawa a jikin inji, a canja, wani ya ce a sauke giya a buɗe, na uku kuma ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, wagga giya ta gama aiki, a aika Legas a sawo ta Beljiyam." Tsakanin shawarar farko da ta ƙarshe akwai tazarar kuɗi mai nisan gaske, kuma a shekarun da na yi ina hawan tsofaffin motoci a hanyoyin Jega da Argungu da Yauri, mafi yawan asarar da na gani ta samo asali ne daga zaɓen gyara tun kafin a tabbatar da inda ƙarar take fitowa.

Ma'aunan da za a ɗora kowace shawara a kansu

Na farko shi ne kuɗi, kuma lissafinsa ya wuce farashin kaya. A haɗa da kuɗin hannun bakanike, da abin da direban motar haya zai karɓa kafin ya kawo kaya daga Kano ko Legas, da kwanakin da motar za ta yi a ajiye, waɗanda ga mai lodin fasinja zuwa Sakkwato kowace rana a cikinsu asara ce. Tun da aka saki naira ga kasuwa a watan Yunin 2023 farashin kayan gyara yake bin dala, amma tsarin tsadar bai sauya ba: aikin bel yakan tsaya a 'yan dubbai zuwa gomman dubbai, aikin giya mai sunan aiki kuwa ɗaruruwan dubbai ake magana.

Na biyu shi ne ƙarko, wato tsawon lokacin da gyaran zai ɗauka kafin a sake komawa gareji, musamman a ƙasa irin tamu inda zafin watan Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ruwan da ke kwanciya a kan hanya da damina. Na uku shi ne sauƙi, ma'ana ko ana samun kayan da gwanin aikin a kusa. Na huɗu shi ne haɗari, wato abin da zai biyo baya idan gyaran bai yi ba, ko kuma aka jinkirta shi. Wannan na ƙarshen ya fi nauyi a wurinmu fiye da yadda wasu ke zato, domin lalacewar mota a unguwar Gesse da hantsi daban take da lalacewarta tsakanin Koko da Yauri bayan magariba.

Gano asalin ƙarar

Tambayar da ta fi raba gardama ita ce: ƙarar tana bin juyawar inji ne ko tana bin gudun mota? A tsayar da motar, a cire giya, ko a sa ta a P, wato wurin fakin, idan otomatik ce, a taka totur a hankali. Idan ƙarar ta fito tana kuma ƙaruwa alhali motar na tsaye, to a fara zargin bel da abubuwan da yake juyawa, wato altaneta mai cajin batir, da famfon sitiyari, da kwamfiresar esi, da famfon ruwa a motocin da fambel ne ke tuƙa shi. Idan kuwa ba ta fitowa sai tayoyi sun fara birgima, to bel ya kuɓuta daga zargi, hankali ya koma kan giya, da shaf, wato sandar da ke kai juyi ga taya, da boris, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa.

Ƙarar bel iri uku ce ga mai kunne. Akwai doguwar ƙara mai tsini kamar ihu, wadda ke tashi lokacin da aka tada mota da safe, ko aka murɗa sitiyari har ƙarshe, ko aka kunna esi. Wannan alamar bel ne da ya yi sako-sako yana zamewa a kan fuli, wato faifan da bel ke zagayawa a kansa. Akwai gajeriyar ƙara mai maimaituwa kamar kukan 'yan tsaki, wadda galibi ke nuna cewa wani fuli ya karkace daga layin 'yan'uwansa. Sai kuma gurnani ko ƙugi mai kaushi, wanda yake na boris ne da ya bushe a cikin altaneta, ko tanshina, wato abin da ke ɗame bel ya miƙe, ko fulin da ke juyawa kawai ba ya tuƙa komai. Gwaji biyu marasa tsada suna bambance su. A yayyafa ruwa kaɗan a gefen bel mai tsaga-tsaga yayin da inji ke aiki: idan ƙarar ta ƙaru, ɗaurin ne bai isa ba, idan ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, karkacewa ce, idan ba ta sauya ba, a nemi boris. Gwaji na biyu shi ne a cire bel ɗin gaba ɗaya a tada injin yana da sanyi na ƙasa da minti guda. Idan ƙarar ta ɓace, laifin yana cikin abubuwan da bel ke juyawa, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu a ji wanda ke gurzawa ko yake girgiɗi. Duk mai leƙa inji yana aiki ya tuɓe babbar riga ya naɗe hannun taguwa, domin bel ba ya sakin abin da ya kama.

A mota mai giyar hannu, fedar kuloci ita ce babbar shaida. Ƙarar da ake ji motar na tsaye babu giya, wadda ke ɗaukewa da zarar an taka kuloci, ta boris ce na shaf ɗin da ke shiga cikin giya. Wadda ba ta fitowa sai an taka kuloci kuwa ta boris ɗin kuloci ce, kuma gyaranta bai buƙatar buɗe cikin giyar, ko da yake sai an sauke ta. Gurzawa a lokacin sa giya tana nufin ko dai kulocin ba ya saki sosai, ko kuma zobban tagullar da ke daidaita gudun haƙoran giya sun cinye. A mota otomatik, kukan da ke bin totur ko da tana P yakan zo daga famfon man giya, musamman idan man ya ragu ko filta ta toshe, kuma alamomin da suka fi wannan tsanani su ne jinkirin shiga D ko R, wato giyar gaba ko ta baya, da injin ya yi ta ruri motar ba ta ja, da mai da ya yi baƙi yana warin ƙuna. Man da ya koma kalar madara mai ruwan hoda yana nuna ruwan lagireto ya shiga cikinsa, wanda ke lalata giya cikin gaggawa.

Akwai ƙararraki uku da ake ɗora wa giya laifinsu ba da hakki ba. Ƙwas-ƙwas a lokacin shan kwana ta kan shaf ce da robarsa ta yage, yashi ya shiga. Ƙugin da ke ƙaruwa da gudu, yake kuma sauyawa idan an karkata sitiyari hagu ko dama, na boris ɗin taya ne. Bugu guda mai ƙarfi lokacin da aka sa D ko R kuwa sau da yawa robobin da inji da giya ke zaune a kansu ne suka fashe. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 suna da wurin jona kwamfutar bincike, kuma lambobin da suka fara daga P0700 zuwa P0799 na giya ne, saboda haka kuɗin wannan binciken ba asara ba ne kafin a kwance ko da noti ɗaya.

Zaɓi na ɗaya: canja bel kaɗai

Wannan ne mafi araha kuma mafi sauri, kusan kowane shagon kayan gyara a Birnin Kebbi ko Jega ko Zuru yana da shi, aikin kuma ba ya cika wuce awa guda. Ana rubuta girman bel a bayansa: lamba kamar 6PK1880 tana nufin tsaga shida da tsawon milimita 1880, kuma da ita ya kamata a je kasuwa, ba da awon igiya ba. Ya dace idan gwaji ya nuna cewa duk fuli lafiya suke, bel ɗin ne ya tsufa. Abin lura shi ne robar da ake yin bel da ita tun wajajen shekarar 2000 ba ta cika tsattsagewa kamar ta da ba, cinyewa take yi kamar taya, don haka bel zai iya yin kyau a ido alhali tsagoginsa sun zurfafa ya daina kamu. Haɗarin wannan zaɓi shi ne idan tanshina ce ta gaji, sabon bel zai yi shiru na 'yan makonni ne kawai ihun ya dawo. Goga wa bel sabulu ko kyandir ko man birki, kamar yadda wasu yaran gareji ke yi, ɓoye ƙarar yake yi na yini guda, man kuma cinye robar yake.

Zaɓi na biyu: canja bel tare da tanshina da fulin da suka gaji

Kuɗinsa ya ninka na farko sau da dama, amma har yanzu bai kusanci aikin giya ba, ƙarkonsa kuma na shekaru ne idan kayan na kirki ne. A Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, alal misali, bel guda ne ke juya komai har da famfon ruwa, kuma tanshinarta sananniya ce wajen yin ƙarar kwaram-kwaram idan ta tsufa. Ranar da bel ɗin nan ya tsinke, caji da sanyin inji da laushin sitiyari duk tare za su tafi. A ganina, motar da ta haura shekara goma sha biyar ba a taɓa canja mata tanshina ba, wannan zaɓin ne nata.

A nan ne maganar taimin bel take shigowa, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul da motsin fistin a cikin inji, kuma ita ce ta fi kowace haɗari a cikin wannan rubutu, domin shi bel ɗin a rufe yake, sau da yawa kuma ba ya yin wata ƙara kafin ya tsinke. Ba kowace mota ce take da shi ba. Corolla ɗin da na ambata, da Camry mai injin 2.4 ta 2002 zuwa 2006, da Honda Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007, sarƙa suke amfani da ita. Camry mai injin 2.2 ta 1997 zuwa 2001 tana da taimin bel, amma an ƙera injinta ta yadda idan ya tsinke motar mutuwa kawai take yi, fistin ba ya taɓa bawul. Accord ta 1998 zuwa 2002, da Accord mai silinda shida ta bayanta, da Peugeot 406, da Sienna ta 2004 zuwa 2006 kuwa, tsinkewarsa a cikin gudu na nufin fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, aikin bel ya rikiɗe ya zama aikin inji. Kamfanin Honda ya ƙayyade wa injinsa mai silinda shida mil 105,000 ko shekara bakwai, amma ya rage zuwa mil 60,000, kimanin kilomita 96,000, ga motar da ke yawan aiki a zafin da ya wuce digiri 43, kuma duk wanda ya san bazarar Kebbi ya san wane lissafi ne ya fi kusa da mu. A tuna kuma agogon motocin Amurka da mil yake ƙirga, ba da kilomita ba. Idan an buɗe, a canja bel da tanshina da fuli da famfon ruwa a lokaci guda, domin kuɗin hannun ɗaya ne, kuma famfon da aka bari ya tsufa shi zai kashe sabon bel. Wannan wuri ne da jabun kaya ke kashe inji, saboda haka ko za a yi rowa a wani wuri, ban da nan.

Zaɓi na uku: canja man giya da ƙananan kayan da ke wajenta

Kafin a yanke wa giya hukunci, ya kamata a ba ta wannan dama, domin kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da saukewa. Ya ƙunshi duba yawan mai, da toshe yoyo, da canja mai da filta inda take ciruwa, da canja solinoyid, wato ƙaramin bawul na lantarki da ke sarrafa man giya, ko na'urar auna gudu idan kwamfuta ta nuna su. Giyar otomatik ta AL4 da ke cikin yawancin 406 masu silinda huɗu misali ce mai kyau: bugun da take yi ta maƙale a giya ta uku sau da yawa daga solinoyid masu daidaita ƙarfin mai yake, kuma ana canja su ba tare da an sauke giyar ba.

Nau'in man yana da muhimmanci ƙwarai. Toyota na farkon shekarun 2000 galibi T-IV suke sha, na bayansu kuma WS, kuma sau da yawa an rubuta sunan a jikin gejin man. Honda nata man take buƙata, wanda a da ake kira ATF-Z1 kafin a maye gurbinsa da DW-1. Ko yadda ake auna shi ya bambanta: na Toyota ana dubawa ne inji na aiki ya yi zafi, na Honda kuwa sai an kashe inji a duba cikin kimanin minti guda. Zuba kowane jan mai da aka samu a bakin titi yana daga cikin abubuwan da suka fi kashe giyar Accord a garuruwanmu. A giyar hannu ma, idan littafin mota ya ce GL-4, kada a zuba GL-5, domin sinadaransa na iya cin zobban tagulla.

Mutane da yawa suna cewa kada a taɓa man tsohuwar giya, wai da an canja motar za ta daina tafiya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an fahimce ta a karkace. Idan faiba, wato faifan kamu da ke cikin giyar otomatik, ta riga ta cinye, garinta da ke yawo a cikin tsohon man shi ke ba ta ɗan kamun da ya rage, sabon mai kuma sai ya tona asirin cutar da ta daɗe a ciki. Saboda haka idan man ya yi duhu kawai ba ya warin ƙuna, motar kuma ba ta zamewa, a kwance noti a zubar da abin da ya fito, wajen lita uku a yawancin Honda, a mayar da sabo, a maimaita bayan an yi 'yar tafiya. Kada a yarda a tura shi da injin matsi. Idan kuwa motar ta fara zamewa, maganaɗisun da ke jikin notin zubar da mai kuma ya fito da gutsattsarin ƙarfe masu kaifi, sabon mai ba zai mayar da abin da ya tafi ba.

Zaɓi na huɗu: buɗe giyar a gyara cikinta

Ga giyar hannu, wannan ne zaɓin da na fi yarda da shi. Cikinta ba shi da sarƙaƙiya, boris da zobba da sil ana samun su, kanikawan da suka taso a kan Peugeot da Golf sun san ta ciki da waje, kuma mai mota yana iya tsayawa ya ga abin da aka cire da abin da aka sa. Tunda an sauke, a canja faifan kuloci da boris ɗinsa.

Ga otomatik labarin ya sha bamban. Idan gwani ya yi aikin da cikakkun kaya, wato faiba da faranta na ƙarfe da sil da gasket da filta, ya wanke kwanbata, wato tulun man da ke haɗa inji da giyar, da bututun da ke kai mai lagireto, to giyar za ta iya fin ta Beljiyam ƙarko, tunda abubuwan da ke cinyewa duk sababbi ne. Matsalar ita ce gwanayen wannan aiki sun fi yawa a Kano da Kaduna da Legas, kuma aikin yana buƙatar tsabta irin wadda ba a samu a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya ana iskar hunturu, domin ƙwayar yashi guda a cikin hanyoyin man ta isa ta maƙale bawul. Abin da aka fi yi shi ne a canja faibar da ta ƙone kawai a rufe, ba a binciki dalilin ƙonewar ba, bayan wata biyu ko uku a dawo gidan jiya. Kuɗin gyara na gaskiya yakan kusanci na giyar Beljiyam, wani lokaci ma ya wuce shi, don haka bakaniken da ya yi maka farashi mai arha sosai, tambaye shi abin da zai bari bai canja ba.

Zaɓi na biyar: sayen giyar Beljiyam

Shi ne hanyar da aka fi bi, kuma yana da dalilinsa: ana ɗauka ba a buɗe ta ba tun daga masana'anta, ɗorawa aikin yini ɗaya ko biyu ne, kuma ana samun ta a Ladipo da ke Legas, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. Sai dai a riƙa tunawa cewa giyar da za a ɗora wa motar 2004 ita ma shekarunta kusan ɗaya da wadda aka sauke, babu kuma wanda ya san tafiyar da ta yi. Ga ƙirar da aka san ta da rauni tun asali, kamar ta Accord mai silinda shida ta 2003 da 2004, wadda Honda da kansa ya yi wa kiranye domin gyara a Amurka a 2004 saboda zafin da giya ta biyu ke ɗauka, sayen tsohuwa caca ce mai tsada.

Na taɓa aika kuɗi aka turo mini giya bisa sunan mota da shekararta kawai. Da ta iso, jikinta ya dace da inji daram, amma soket ɗin wayoyinta bai yi daidai da na motar ba, domin ta ƙirar Turai ce, tawa kuwa ta Amurka. Kafin a mayar da ita a kawo wata, motar ta shafe mako uku a gareji, kuɗin dakon zuwa da komawa kuma a kaina ya faɗa. Tun daga nan ba na yarda a saya sai an ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohuwar da soket ɗinta an tura wa mai sayarwa. Sauran abubuwan dubawa su ne kalar man da ya rage a ciki, da abin da maganaɗisun noti ya tara, da tabon sifana a kan notoci ko shafen gam a gaɓoɓi, waɗanda ke nuna cewa an taɓa buɗe ta a nan gida aka wanke aka kira ta Beljiyam. Ta zo da kwanbatarta. Kwanakin gwajin da masu sayarwa ke bayarwa kaɗan ne, saboda haka a yi yarjejeniya a rubuce ko a gaban shaidu cewa ƙirgen zai fara ne daga ranar da aka ɗora ta. Wajen ɗorawa kuma a tabbata kwanbata ta zauna har ƙarshe kafin a ɗaure notoci, in ba haka ba famfon zai karye tun kafin a tada mota, a kuma wanke bututun lagireto domin dattin tsohuwar kada ya shiga sabuwar.

Zaɓi na shida da na bakwai

Mayar da otomatik zuwa giyar hannu yana yiwuwa a Golf 3 da 406, inda kayan suke da yawa a kasuwa, kuma masu haya suna son sa saboda juriya. Yana buƙatar feda da fulawil da kuloci da sandar giya da gyaran waya, wani lokaci har da kwamfutar inji, kuma a Camry ko Accord ƙirar Amurka samun kayan wahala ne. Sayar da motar a yadda take kuwa zaɓi ne na gaske idan kuɗin giya ya kai kusan rabin darajarta, injin ma yana hayaƙi, muddin za a bayyana wa mai saye aibin kamar yadda shari'a ta wajabta.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Bel kaɗai | Mafi ƙanƙanta | Mai kyau idan fuli lafiya suke | Ko'ina, cikin awa guda | Ƙarar na iya dawowa |
| Bel da tanshina da fuli | Matsakaici | Shekaru | Sauƙi, taimin bel na son gwani | Jabun kaya, kuskuren saiti |
| Mai da ƙananan kayan giya | Ƙarami zuwa matsakaici | Mai kyau idan cikin bai lalace ba | Sauƙi, in an samu man da ya dace | Ba ya warkar da mai zamewa |
| Buɗe giyar hannu | Matsakaici zuwa babba | Mai tsawo | Akwai gwanaye a gida | Kaɗan |
| Buɗe otomatik | Babba | Ya dogara ga gwani | Mai wuya a kusa | Rabin aiki, datti |
| Giyar Beljiyam | Babba | Ba a san shi ba sai an hau | Jiran kaya, ɗorawa da sauri | Rashin dacewa, tsohuwar gida |
| Komawa giyar hannu | Babba | Mai tsawo | Wasu motoci kaɗan | Rikicin waya |

Wane ne ya dace da wane

Ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce gida da sakatariya da kasuwa ba, wanda motarsa ke ihu da safe kawai, ya yi gwajin ruwa ya juya fuli da hannu, in komai lafiya ya canja bel ya tsaya a nan. Mai lodin fasinja da ke bin hanyar Jega zuwa Yauri da Kontagora, ko ta Argungu zuwa Sakkwato, ya tafi kai tsaye ga zaɓi na biyu, ya kuma ajiye tsohon fambel a but domin ranar larura. Wanda otomatik ɗinsa ke kuka ko ɗan bugu amma tana ja yadda ya kamata, man kuma bai ƙone ba, ya fara da kwamfuta da robobin zaman inji da man da ya dace, kada ya bari a sauke masa giya tukuna. Mai giyar hannu da ke gurzawa ko ƙugi ya buɗe ya gyara a gida. Mai otomatik da ta riga ta fara zamewa, idan Toyota ce mai silinda huɗu wadda irin giyarta ta cika kasuwa, Beljiyam ta fi masa sauƙi bisa sharuɗɗan da aka ambata. Idan kuwa ƙira ce mai raunin asali, kuma yana da niyyar riƙe motar shekaru, ya ɗora ta a kan babbar mota, kada a ja ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa, ya kai wa gwanin da zai nuna masa kayan da zai sa ya kuma ba shi garanti na watanni. Wanda ya sayi 406 ko Accord ko Sienna mai taimin bel a hannun wani, bai kuma san ranar da aka canja shi ba, ya fara da wannan aikin kafin kowane, ko da motar shiru take, sannan ya sa a rubuta kwanan wata da lambar agogo da fenti a jikin murfin bel ɗin.